Gudun Famfalaki da Takalmi a Hammata

Wawan da ke cikin wannan labari ni ne, gara in faɗa tun yanzu kada mai karatu ya wahala wajen nema. Ba yaro ba ne kuma, dattijo ne mai furfura har a gira, mai jikokin da suka isa aure. A aji huɗu na tsaya a makaranta, saboda haka in ka ga rubutun ya karkace ka yi haƙuri, mai shi ma a karkace yake tafiya yanzu.

Sana'ata ta asali korar shanu. Kafin tirela ta zo ta kashe mana kasuwa, mu ne muke tasa garke daga kara, wato kasuwar shanun Potiskum, mu nufi kudu da ƙafa. Mu kwana a daji, mu ƙetare koguna, mu dawo da tafin ƙafa mai tauri kamar kofato. Da tirela ta zo sai na zauna a gari na koma dillanci. Dillancin ma a shekarun nan ya zama suna kawai, don yara masu waya sukan gama ciniki kafin in gama duba haƙoran saniya. Duk da haka, kowace Laraba nakan ɗauki sandata in shiga kara. In ratsa tsakanin shanu, in dafa wannan, in daki ƙugun wancan. Wani ya ce, "Baffa, duba mana wannan," in duba in ce tana da ciki ko ba ta da shi. Da la'asar in dawo gida ina warin kashin shanu, tsohuwata, wato matata, tana toshe hanci, ni kuwa raina fes. Laraba ce makona. Sauran kwanakin jiran ta nake yi.

Sandar ta itacen dargaza ce, ta sha man shanu da hayaƙi har ta yi ja. Da ita na je kudu, da ita na dawo, kuma duk wanda ya daɗe a kara ya san ta kafin ya san fuskata.

Wata Laraba na sunkuya zan ɗauki hulata da ta faɗi, sai wani farin bajimi ya juya ya ture ni da kafaɗa. Ba tunkuya ba ce ma, turewa ce irin ta wanda bai lura da kai ba. Na kife cikin taɓo, aka kwaso ni a Keke Napep aka kawo gida. Ko ƙashi ɗaya bai karye ba, amma labari ya riga ni isa wurin ɗana na fari, wanda yake da kemis a bakin titi.

A nan sai in yi wa mai karatu bayani. Ni Bafillace ne, kuma mu ba ma kiran sunan ɗan fari, ba ma zama mu yi hira da shi ido cikin ido. Kunya ce ta gado, zaman gari bai wanke mini ita ba. Uwarsa ma haka, sai dai ita bakinta ya fi nawa ƙarfin hali. Saboda haka in magana ta zama dole a gidana, mu ukun mukan zauna a tsakar gida kowa ya fuskanci bango ya faɗi tasa. Bangon nan ya ji abin da ko alƙali bai ji ba.

Ran nan yaron ya zo ya tsuguna, ya gaishe da bango, sannan ya ce masa, "A gaya wa Baba kara ta ƙare. Ƙafarsa ba ta ɗaukarsa." Ya miƙa hannu bayan ƙofa ya zare sandata, ya fita da ita ya jefa a but ɗin motarsa ya rufe.

Za ka ce, to ka sari wata mana, itace ya ƙare a daji? Ba ka san kara ba. In na shiga da sabuwar sanda fara, kowa zai gane an karɓe mini tawa kamar yadda ake karɓe wa yaro wuƙa. Ban da haka ma, ya riga ya bi abokan sana'ata ɗaya bayan ɗaya ya roƙe su in sun gan ni su buga masa waya. Haka na zauna. Laraba ta zo, in ji rugugin tireloli da kukan shanu daga nesa, ni kuwa ina kan tabarma ina korar kaji daga shanyar tsohuwa da bakin mafici. Wanda ya kora garke zuwa kudu ke nan.

Ina da aboki, wani Babarbare mai sayar da huluna, wanda muke zama tare a gindin dogon yaro tun gashinmu na baƙi. Tsakanin Fulani da Barebari akwai wasa, kowa na cewa ɗan'uwansa bawansa ne. Shi yana ce mini Jauro, ni ina ce masa Bulama, duka sunayen sarauta ne, alhali daga ni har shi ba mai ko rugar kaza. Muna zaune wata rana sai ga mota da lasifika tana shela, wai wata ƙungiyar matasa ta shirya gudun famfalaki. Za a tashi daga bakin gari ta hanyar Damaturu, a zagaye Potiskum unguwa-unguwa, a ƙare a filin ƙwallo. Wai don lafiyar jiki, wai kowa na iya shiga.

Bulama ya ajiye hular da yake karyawa ya dube ni.

"Jauro, ga ranarka ta zo. Shekara da shekaru kana cika mana kunne da ƙafar da ta je kudu. To ga Potiskum nan 'yar ƙarama, zagaye mana ita mu gani."

"Bawa ba ya aiken ubangidansa," na ce.

"Ubangidan da aka kulle masa sanda a but?"

Wasa yake yi, amma maganar ta shige ni kamar ƙaya. Da magariba na sa aka kira yaron. Muka fuskanci bango, na yi gyaran murya irin ta manya, na ce a gaya wa wanda ya ce ƙafata ba ta ɗaukata cewa zan shiga gudun nan. In na kai ƙarshe, a dawo mini da sandata a bar ni da karata.

Tsohuwa ta manta da bango ta juyo gare ni. "Malam, kai da in ka tsuguna sai ka dafa gini kafin ka miƙe?"

Yaron ya ce wa bango, "In ya kai filin da ƙafarsa, ba a Keke Napep ba, ba a bayan kowa ba, sandarsa ce." Na ji dariya a ƙarƙashin muryarsa. Ya ɗauka kwana biyu zan yi in watsar.

Kashegari, ana idar da sallar asuba, na fito daga masallaci na tattare riga na kama gudu a kan titin unguwarmu. Ban yi shawara da kowa ba, kuma da na yi da an hana ni, don akwai abin da na manta. Garinmu ya sha wuya a wasu shekaru da ba na son tonawa. Abin da suka bar mana shi ne, in ka ga mutum yana gudu ba ka tsayawa tambaya, kai ma ka ruga, in an tsira a yi tambayar. Yaro in ya yi gudu a ce wasa ne. Amma dattijo mai farin gemu, da carbi a hannu, daga masallaci?

Mai ƙosai ce ta fara barin kaskonta a kan wuta. Mai shayi ya bi. Mai turin ruwa ya saki kurarsa ta gangara kwata da jarkoki. Ni ban san ana yi ba, sai da na ji ƙafafu a bayana na waiga, na ga rabin unguwa na tafe a guje, ido a waje. Na ce lalle wani abu ya faru, na ƙara mai. Wallahi tun ina saurayi ban yi gudu irin na ranar ba. Suna ganin na ƙara su ma suka ƙara. A bakin wata kwalbati numfashina ya ƙare na zube, wani magidanci da ya riga ya wuce ni ya dawo ya kama kafaɗata.

"Baba, a ina ne? Su nawa ne?"

Sai a sannan na gane. Na ce, cikin haki, "Motsa jiki nake yi."

Yanzu in ana ba da labarin a majalisa dariya ake yi, Bulama har da hawaye. Ni ba na iya yi sosai, saboda wata mata da na gani zaune a bakin titi, ba mayafi, ba takalmi, ta ƙanƙame jaririnta tana kuka ba sauti. Mai unguwa ya kira ni da hantsi. Bai yi faɗa ba, don na girme shi. Cewa ya yi, "Malam, don Allah in gudu za ka yi, ka fita bayan gari. Mutanen nan sun yi nasu gudun, ya ishe su."

Sai na koma gonakin da ke wajen Yindiski. An gama girbi, ba kowa sai kututturen dawa da ƙarangiya. Bulama ya naɗa kansa mai horar da ni. Yakan biyo ni a tsohon kekensa da rediyo rataye a ƙaho, yana cin goro yana ba da umarni.

"Ɗaga ƙafa, Jauro! Ko jakin da ke ɗauke da gishirin mangul ya fi ka sauri."

Shi ya kai ni wurin 'yan gwanjo muka sayi takalmin kambas mai igiya. Ni tunda aka haife ni ban taɓa sa takalmin da ake ɗaurewa ba. Silifa na sani, in na zo ƙofar manya in zame ta da yatsa in wuce. Wannan kuwa sai Bulama ya tsuguna ya ɗaure mini, yana cewa ɗaurin da ake wa sa mai faɗa yake yi, kada in tsinke.

Ba zan yi wa kowa ƙarya ba, babu daɗi a gudun nan ko na rana ɗaya. Na ji yara na cewa in ka saba jiki yakan yi sakayau. Nawa bai yi ba. Gwiwa tana ƙara kamar tsohuwar ƙofa, ƙugu yana nasa, ƙirji yana zafi kamar an hura gawayi. Abin da ya fi gajiyar da ni ma ba jikin ba ne. A da in ina tafiya akwai wutsiya a gabana. Akwai saniyar da ke ɗingishi da zan jira, akwai rafin da za mu kai kafin rana ta yi tsaka, akwai ɗan maraƙin da zan saɓa a wuya. Tafiya tana da dalili, shi ya sa ba a jin ta. Wannan kuwa ba komai a gabanka, ba komai a bayanka sai Babarbare da rediyo. Ka je ka dawo inda ka tashi, ba ka kai ko akuya ko'ina ba. In na shigo gida tsohuwa takan ɗora ruwan zafi, ta gasa mini gwiwa, ta shafa man kaɗanya, ba ta cewa uffan. Da ta yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

Ranar gudun Asabar ce. Na isa bakin gari na tarar da jama'a kamar ranar kasuwa, samari da gajerun wanduna, wasu an ce daga Damagum, wasu daga Gadaka, suna tsalle-tsalle suna miƙe ƙafa. Ni dogon wando na sa da 'yar shara da hulata, don ba zan nuna wa Potiskum gwiwoyina ba bayan tsufa. Aka maƙala mini lamba a ƙirji. Da aka busa usur, kafin in ce bismillah na ga bayan kowa. Aka bar ni da wani ma'aikaci mai tumbi da wasu 'yan mata biyu da suke gudu suna ɗaukar kansu hoto, su ma ba su daɗe ba suka ɓace.

Masu shirya gudun ba su yi lissafi da abu ɗaya ba, wato gaisuwa. Su yara ba wanda ya san su, sai su wuce kamar iska. Ni kuwa babu rumfar da ba a san ni ba. Mahauci ya ɗago ya ce, "Baffa, ina kwana?" Tela ya leƙo. Mai faci ya miƙe. Kuma ba a amsa gaisuwa da ka, sai an bi ta har ƙarshe: lafiya lau, iyali lafiya, aiki da godiya. In an ce ina gajiya in ce ba gajiya, alhali raina na bakin maƙogwaro. Rabin numfashina a gaisuwa ya tafi. Duk da haka ina tafe, gudu-gudu tafiya-tafiya, ina karɓar ruwan leda a hannun masu rabawa, Bulama na biye a keke yana gaya wa mutane wai bawansa ne ya tsere yake bi.

Rana ta ɗaga sosai lokacin da hanya ta karya ta shiga tsohuwar unguwa. Ina shan kwana na gane inda aka kawo ni. Layin surukaina ne. Mahaifiyar tsohuwata tana nan da rai, ta tsufa tukuf, idonta ya kusa rufewa, kuma kullum da hantsi akan fito da ita ƙofar gida a shimfiɗa mata tabarma ta sha iska. Ga ta can zaune, 'yar mitsitsiya cikin farin mayafi. Tun ranar da aka ba ni 'yarta ban taɓa wuce ƙofar nan da takalmi a ƙafa ba. Ko da ba kowa a waje.

Na rage tafiya. Bulama ya gane, ya matso da keke.

"Jauro, wuce! Ba ta gani."

"Ita ba ta gani, ni ina gani."

"Gudu ake yi, ba yawon sallah ba. Ka dawo da yamma ka tsuguna har gobe."

Na riga na zauna a kan dakali ina kokawa da igiya. Ɗaurin sa mai faɗa ya ƙi kwancewa, na ja na murɗa, daga ƙarshe na fizge takalman da ƙarfi kamar mai fiɗar akuya. Na taka a hankali na tsuguna a gabanta.

"Inna, ina kwana?"

Ta gane muryar. Ta tambayi 'yarta, ta tambayi jikoki ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda suka rasu. Ta tambayi wata jar saniya da na sayar tun kafin a haifi autana, na ce tana nan lafiya. Sannan ta karkata kai ta ce, "Tun ɗazu nake jin ƙafafu. Me ake gudu yau kuma?"

"Ba komai, Inna. Wasan yara ne."

"To kai me ya sa kake haki?"

Na ce rana ce. Ta ce a kawo wa baƙo fura. Ba a ƙin furar suruka, na shanye ƙwarya guda a tsugune, tana sa mini albarka mai tsawo, ina cewa amin. Da na zo tashi gwiwoyi suka ce ba su san zancen ba. Sai da Bulama ya jingine keke ya ciccibo ni ta hammata, yana raɗa mini cewa ya taɓa ɗaga buhun gero da ya fi ni hankali.

Na tafi ba takalmi har na wuce katangar gidan, kamar yadda aka saba, sannan na zauna zan mayar. Ƙafafun sun kumbura sun yi suntum. Na tura, Bulama ya ja, muka sassauta igiya har ƙarshe, ko yatsu ba su gama shiga ba. Takalmin da na fito daga cikinsa ɗazu ya zama kamar na jikana.

Bulama ya zame silifarsa ya tura mini. "Sa wannan."

Da na karɓa a lokacin, da labarin nan bai kai a rubuta ba. Amma sai na miƙe na gyara hula na ce, da murya yadda masu shago za su ji, "Ƙafar da ta je kudu ba ta aron takalmin Babarbare." Na cusa kambas a hammata na hau kwalta.

Ƙafar da ta je kudu ashe ta daɗe da mutuwa ba a gaya mini ba. Shekarun silifa da tabarma da man kaɗanya sun mayar da ita ta amarya. Kwaltar kuwa ta sha rana ta yi laushi. Takun farko na ji kamar na taka kaskon mai ƙosan nan. Na sauka gefen titi, can kuma yashi mai zafi da fasassun kwalabe da ƙaya. Na koma kwalta. Haka na yi ta yi, hawa da sauka, ina ɗaga ƙafa kamar zakaran da aka ɗaure wa tsumma. Tafin ya tashi ya yi ruwa, ruwan ya fashe, daga nan ban ƙara dubawa ba.

Kafin nan an buɗe hanya. Masu nuna kwana sun tafi, masu ruwan leda sun kwashe teburansu, Keke Napep da manyan motoci sun dawo suna mini oda. Ba wanda ya ƙara ganin ɗan tsere. Abin da ake gani tsoho ne ba takalmi, da lamba a ƙirji, da kambas a hammata, yana magana shi kaɗai. Na ji wata mata ta ce wa 'yar'uwarta, "Allah sarki, Allah ya ba shi lafiya." Masu gaisuwa ma suka daina, suna kawar da kai don kada in ji kunya.

Inda na san abin ya ɓaci shi ne da Bulama ya daina tsokana. Ya kashe rediyo, ya sauka yana tura keke a gefena. Can ya ce, a hankali, "Hau in kai ka kusa da filin. Ba mai gani. In an tambaye ni zan yi rantsuwar, kai ba ruwanka."

Na dubi sirdin keken nan, kuma Allah ya sani na so shi fiye da yadda na taɓa son wani abu mai ƙafa biyu. Na ce a'a. Amma silifar na karɓa, bayan ba sauran abin da za ta kare. Shi kuma ya koma tura keke ba takalmi, yana tsalle daga inuwa zuwa inuwa yana tsine wa ranar da ya san Fulani.

Hanya ta bi ta gefen kara. Ba ranar kasuwa ba ce, ba kowa sai turaku da 'yan shanun da suka kwana, amma iska ta kawo mini warin wurin. Na tsaya na shaƙa. Ba zan ce ya ƙara mini ƙarfi ba, ƙarfi ya riga ya ƙare. Ya dai tuna mini abin da ya fito da ni, sai na ci gaba da jan ƙafa.

An daɗe da kiran azahar lokacin da muka shiga filin ƙwallo. An kwance rumfuna, ana loda kujeru a mota, an raba kyaututtuka kowa ya watse. Mota ɗaya ce a inuwa, ta yaron. Uwarsa na zaune a baya, ita da ba ta fita sai biki ko rasuwa. Ya fito ya tsaya. Bai dubi fuskata ba, dama ba ya duba. Ƙafafuna ya duba, cikin silifar Bulama da jini ya canza wa launi, ya daɗe yana dubawa. A fili ba bango, sai ya buɗe but ya ɗauko sandar, ya je ya jingina ta da ƙarfen raga, ya ce wa ƙarfen, "A gaya wa Baba ga sandarsa."

Na taka na ɗauke ta. Da ba ta zo hannuna a daidai lokacin ba, da a nan zan kife.

A gida shi ya wanke mini ƙafafun da hannunsa, ya tsince tsakuwa da ƙaya, ya sa magani ya naɗe da bandeji. Rabon da jikinsa ya taɓa nawa tun yana goye. Ya yi aikinsa yana kallon ƙafa, ni ina kallon bango, uwarsa na riƙe da buta.

Tafin ƙafa ya warke a hankali, sabuwar fata ta fito ja kamar ta jariri. Gwiwar hagu ce ba ta dawo ba, tun tsugunnon ƙofar Inna. Yaron ya cika alƙawari, bai sake cewa kada in je ko'ina ba, ya ma janye roƙon da ya yi wa abokan sana'ata. Sandar na nan tare da ni dare da rana. Da ita nake zuwa bayi, da ita nake zuwa masallaci, in na zauna a sahu in kwantar da ita a gefe. Laraba kuwa tana zuwa tana wucewa, kowace in ce sai ta gaba.

Wata Larabar na ji rugugin tireloli tun da sassafe na ce yau kam sai kara. Na sa riga na sa hula na ɗauki sanda. Na kai zaure, na huta. Na kai ƙofar gida, na hango tsawon layinmu har bakin titi, na tsaya ina auna shi da ido kamar yadda nake auna kogi a da kafin in tura garke. Sai na juyo na dawo ciki a hankali. Tsohuwa na tsakar gida tana tsintar wake a faifai. Don kada ta ce wani abu sai na riga ta, na buga sandar a ƙasa na gyara tsayuwa.

"Ko ba komai dai na ci. Duk garin nan, wane tsoho ne ya ƙwato sandarsa da ƙafarsa?"

Ni mutum ne mai baki, ko Bulama bai taɓa rufe mini shi ba. Amma amsar da ta ba ni, ba tare da ta ɗago kai daga faifan ba, har yau ina neman abin da zan mayar mata ban samu ba.

"Ka ci, Malam. Sandar kora aka karɓe maka, ka je ka ba da ƙafafunka biyu ka karɓo ta dogarawa. Tunda kana tsaye, kora mini kajin can."